Wuya Ya Murɗe, Ido Ya Kafe: Aljani Ne Ko Aikin Magani?

 

Zancen namu na wannan wata mai nauyi ne, domin ya shafi lalurar da ba a son ambatonta a gaban baƙi, wato taɓin hankali, da kuma magungunan da asibiti ke bayarwa dominta. Mu nan Bici hanyar ba ɓoyayya ba ce. Duk wadda ta taɓa shiga mota zuwa Kano ta san ana ratsa Dawanau, inda babbar kasuwar hatsi take, kuma a nan ne asibitin masu wannan lalura yake. Daga Saye zuwa Badume, daga Ɗanzabuwa zuwa Kwamarawa, da wuya ki sami garin da ba a taɓa ɗaukar wani an kai shi can ba, ko a wuce da shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Maza ne kan yi rakiya, su ne kan biya kuɗi. Amma da an dawo gida, ledar maganin hannun wa ake miƙawa? Hannunki ne, 'yar uwa. Ke ce uwar yaron, ko matar mara lafiyar, ko uwargidan amaryar da ciwon ya taɓa bayan haihuwa. Malamar jinya sai ta yi karatu ta ci jarrabawa a kan waɗannan ƙwayoyi kafin a bar ta ta miƙa su ga kowa, ke kuwa abin da kika samu bai wuce "ɗaya da safe, biyu da dare" ba, shi ma ta bakin maigida kika ji.

Shi ya sa na zauna da wata ƙawata da muka yi sakandare tare, wadda yanzu malamar jinya ce a ɓangaren masu wannan ciwo, na kuma koma na yi bitar abin da ta faɗa mini. Rubuta magani da canza shi aikin likita ne, wannan kam ba namu ba ne. Namu shi ne sa ido, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Irin ciwon da nake nufi shi ne wanda mutum kan riƙa jin muryoyi suna yi masa magana alhali babu kowa, ko ya kafe a kan cewa ana bibiyarsa, an sa masa guba a tuwo, maƙwabta suna gulmarsa ta cikin rediyo. Barci ya ƙaurace masa, magana ta warwatse, wanka ma sai an yi da gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2022 cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane 300 yana ɗauke da nau'in da ke daɗewa, wanda likitoci ke kira sikizofiriniya, kuma ya fi tasowa daga bayan balaga zuwa wajen shekara 30, wato daidai lokacin da muke shirin aurar da su. Akwai kuma wanda tabar wiwi da sauran kayan maye ke tayarwa, da wanda ke zuwar wa mace a cikin jego.

Na san tambayar da ke bakin wasunku, domin ɗalibaina matan aure sun sha yi mini ita: Malama, ba aljanu ba ne? Ni ba na musun aljanu, Alƙur'ani ya tabbatar da samuwarsu, ruƙiyya da ayoyin Allah kuma ta inganta daga Manzon Allah (SAW). Amma shi ɗin ne dai ya umarce mu da neman magani. Addu'a da ƙwayar asibiti ba kishiyoyi ba ne da za a ce sai an saki ɗaya kafin ɗaya ta tare. A karanta wa mara lafiya, a tofa masa, a kuma ba shi maganinsa a kan lokaci. Duk wanda ya ce miki sai an ajiye na asibiti kafin nasa ya ci, to ki yi hattara da shi.

Ga yadda maganin ke aiki. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira dofamin, mai kai saƙo tsakanin jijiyoyi. Idan ya yi yawan aiki a wani sashe, sai zuciya ta riƙa ba wa abin banza muhimmanci, kallon da wani ya yi a hanya ya zama barazana, tarin da maƙwabci ya yi ya zama habaici. Maganin yana toshe wasu daga cikin ƙofofin da sinadarin ke shiga, sai hayaniyar ta lafa. Sai dai kuma da wannan sinadarin ne wani sashen ƙwaƙwalwa ke sarrafa motsin jiki, da shi ne kuma wani sashen ke riƙe ruwan nono kada ya zo ba a lokacinsa ba. Masu noman rani a Watari sun sani, idan aka rage ruwa daga babbar hanya, ba fangalin da ya yi ambaliya kaɗai ke jin ragin ba. Daga nan yawancin illolin da za mu ambata suka fito.

Na farkonsu, wanda har yau ake bayarwa da sunan Largactil, likitoci biyu ne a birnin Faris na ƙasar Faransa, Jean Delay da Pierre Deniker, suka nuna amfaninsa a 1952. Kafinsa, ko a Turai ɗin kulle mutane ake yi shekara da shekaru. A 1958 aka haɗa halofaridol a ƙasar Beljiyam, wanda ake sayarwa da sunan Haldol. Waɗannan su ne tsofaffin, sun fi araha, sun kuma fi taɓa motsin jiki. Sababbi irin su risfaridon da olanzafin a shekarun 1990 suka fito, ba su cika sandarar da jiki ba, amma su ma da nasu halin. Dukkansu ba sha-yanzu-magani-yanzu ba ne. Barci da natsuwa kan zo tun a kwanakin farko, amma muryoyi da zargi sai a hankali suke gushewa, daga mako 2 zuwa 6, wani ma ya fi haka.

To ga abin da ya sa na zaɓi kan maganar nan. A cikin kwana 5 na farko da fara maganin, ko da ƙara yawansa, musamman Haldol, wasu kan gamu da wani irin ɗaurewar nama. Wuya ya murɗe gefe guda ya ƙi dawowa, idanu su kafe sama sai fari ake gani, harshe ya zazzago waje ko haƙora su datse, baya ya banƙare. Samari ya fi kamawa. Ki faɗa mini gaskiya, idan kika ga ɗanki a haka da tsakar dare, me zai fara zuwa miki a rai?

Abin da ya zo miki shi ne ya zo wa mahaifiyar wata ɗalibata. Ɗanta mai shekara 19 ya shiga wannan hali kwana 3 da dawowa daga asibiti. Kafin a ce kwabo gida ya cika. Wata ta ce ai iskokin ne suka yi fushi don an kai shi wurin masu allura, wani ya kawo turare aka lulluɓe shi da bargo ana hayaƙi, wani dattijo har yana cewa a samo tsumagiya. Da gari ya waye aka zuba ƙwayoyin a masai. Bayan kwana biyu wuyan ya saki, kowa ya ce kun gani ko, ashe maganin ne ba sa so. Wata biyu bayan nan sai a bakin kasuwa ake tsinto yaron ba ko takalmi. Da aka mayar da shi uwar ta ba da labarin wannan dare, likita ya canza masa magani, yanzu haka tare da 'yan uwansa yake zuwa gona.

Mutanen gidan sun gano rabin gaskiya, domin lallai maganin ne ya jawo. Rabin da ba su sani ba shi ne abin sananne ne, yana cikin littafin kowace ɗalibar jinya, kuma akwai allurar da ke warware shi cikin 'yan mintoci, da wuya a kai rabin awa. Ga abin da za ki duba: mai wannan ɗaurewa yana cikin hayyacinsa, yana jin ki, yana gane ki, tsoro da zafi ne suka cika shi ko da harshen ya hana shi amsawa. Ba kamar mai farfaɗiya ba da kan faɗi bai san inda kansa yake ba. Kada a danne shi, kada a yi ƙoƙarin miƙe wuyan da ƙarfi, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki domin zai iya shaƙewa, hayaƙi kuwa wahalar numfashi kawai yake ƙara masa. Ki yi masa magana a hankali, ki gaya masa abin zai wuce, a ɗauki ledar maganin a nufi asibiti mafi kusa. Ba sai an kai Dawanau ba, a fara da babban asibitin Bici. Idan kuwa muryarsa ta shaƙe ko numfashinsa ya fara ƙara, to naman maƙogwaro ne ya ɗaure, ko ƙarfe nawa ne a tashi mai mota.

Kuma kada ki ce ai gidana babu mai wannan lalura. Magungunan tsayar da amai irin su Maxolon da Stemetil suna kawo wannan ɗaurewar sak, musamman ga yara da 'yan mata, shi Stemetil ɗin ma danginsu ɗaya da Largactil. Yarinya ta yi amai a sayo mata a kemis, washegari ido ya kafe, a ce ta yi gamo a gindin tsamiya. Kafin a tambayi ina ta bi jiya, a fara tambayar me aka ba ta jiya.

Saboda irin wannan ne likita kan haɗa wa wasu da wata 'yar ƙwaya mai suna Artane, wadda ake samu kuma da sunan Exol. Idan sunan ya yi miki kamar kin taɓa ji, daga labaran kamen da hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ke yi ne, domin matasa sun mayar da ita kayan maye. Ki adana ta a akwatin da ke da makulli, ki san adadinta, musamman in akwai samari a gidan ko abokai masu yawan zuwa dubiya. Shi ma mara lafiyar kada a bar shi ya riƙa ƙara wa kansa, domin tana busar da baki, ta taurara bahaya, ta sa gani dishi-dishi, in ta yi yawa ta rikita hankalin da ake neman gyarawa.

Akwai kuma illolin da ke zuwa da sanɗa. Wani za ki ga ya kasa zama wuri ɗaya, yana kai da komo a tsakar gida, yana jin kamar tururuwa a ƙafafunsa. Sau da yawa sai a ɗauka ciwon ne ya ƙaru a ƙara masa ƙwaya, alhali ƙwayar ce ta jawo, kuma ƙuncin da yake ji kan kai wasu ga tunanin halaka kansu, don haka ba abin a jira ranar komawa asibiti ba ne. Wani kuma hannunsa ya riƙa rawa, tafiyarsa ta koma jan ƙafa, fuska ta bushe ba fara'a, miyau na zuba. Wannan ba raini ba ne, ba kuma ganda ba ce, rage magani ko canza shi na gyara shi. Wadda ta fi daɗewa kafin ta bayyana ita ce motsin baki: bayan watanni ko shekaru sai ki ga kamar mutum na tauna ba komai a bakinsa, leɓe na tsotso, harshe na leƙe. Ta fi samun mata masu shekaru, kuma idan aka bar ta ta daɗe tana iya zama ke nan. Artane ba ta maganinta, ƙara ta ma take yi. Shi mai ita sau da yawa bai san yana yi ba, ke mai kallonsa kullum ke za ki fara gani.

Hali guda ne za ki dakatar da maganin da kanki ba tare da jiran kowa ba. Idan zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, jiki ya sandare kamar itace, gumi na zuba, hankali ya gushe, to a tsayar da ƙwayar a ruga asibiti a lokacin. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana kisa, kuma yana kama da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko sanƙarau. Saboda haka da kun isa, abu na farko da za ki faɗa wa malaman asibiti shi ne irin maganin da yake sha, ki nuna musu kwalin. Ƙarancin ruwa a jiki na cikin abin da ke janyo shi, waɗannan magunguna kuwa suna rage wa jiki iya jure zafi. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, ki riƙa bin sa da ruwa ko bai nema ba. Mai shan Largactil rana na ƙona masa fata fiye da kowa, in zai je gona ya fita da sassafe, ya sa malafa da riga mai dogon hannu. Jiri kuma kan ɗebe su in sun miƙe farat ɗaya, don haka a makonnin farko a ɗauke wa mace jan ruwa a rijiya da tsayuwa a kan murhu, namiji kuma a hana shi hawa babur da hawa bishiya.

Sai wanda ya shafe mu mu mata kai-tsaye, wanda kuma ya fi saurin raba zumunci. Risfaridon da Haldol da Largactil suna iya ɗauke wa mace al'adarta wata da watanni, nononta ya cika har ya riƙa ɗigar da ruwa ko da ba ta taɓa haihuwa ba. Ki ɗauka budurwa ce, ko bazawara, ko matar da mijinta ya tafi cirani tun bayan kaka. Al'ada ta ɗauke, ga nono, ga ƙibar magani ta fara bayyana. Kin san abin da bakin mutane zai faɗa, yarinyar da da ma ake ganin hankalinta bai cika ba kuwa, wa zai saurari rantsuwarta? Yi wa mace kamila ƙazafi yana cikin manyan zunubai, Suratun Nur bulala 80 ta yanke wa mai yin sa. Gwajin fitsari na 'yan mintoci a asibiti ya raba gardama, ki kai ta da kanki cikin sirri tun zancen bai fita zaure ba. Gwajin yana da wani amfanin kuma: ɗaukewar al'ada ba ta hana matar aure ɗaukar ciki, sannan akwai marasa tsoron Allah da ke fakon irin waɗannan yara. Kada a ɗura mata jiƙe-jiƙen buɗe al'ada, likita na iya rage maganin ko ya canza shi. In kuma cikin ne ga matar aure, kada ta yanke maganin don tsoron abin da ke cikinta, ta je a duba mata wanda ya fi dacewa.

Maza ma abin na taɓa su ta ɓangaren auratayya, kuma shi ne ɓoyayyen dalilin da ke sa magidanta da yawa jefar da ƙwayar ba su faɗa wa kowa ba. In kin lura da haka, kada ki yi gori, kada kuma a nufi masu maganin maza. Ki lallashe shi ya gaya wa likita, ba shi ne na farkon da likitan ya ji daga bakinsa ba.

Mai jego kuwa, cikin kowace haihuwa 1,000 akan sami mace 1 zuwa 2 da hankalinta kan juye, yawanci a mako biyu na farko, wato ana tsakiyar wanka da hidimar suna. Ta kasa barci ko jariri ya yi barci, ta riƙa surutai, ta ƙi jaririn ko ta ce an canza mata shi. Wannan ciwon gaggawa ne, ba na a bari sai an yi arba'in ba, kada kuma a bar ta ita kaɗai da jaririn. In da zazzaɓi a tare, zai yiwu ma wani ciwo ne ya shige ta wajen haihuwa. Abin farin ciki shi ne yawancinsu suna warkewa sarai. Da yawa daga cikin magungunan ana iya shayarwa da su bisa shawarar likita, amma ki sa ido kan jaririn ko yana yawan barci ko kasa kama nono, kuma uwar da magani ke sa wa nauyin barci kada ta kwana da jariri a shimfiɗa ɗaya. Ke uwargida, ranar da za ki nuna ke babba ce ke nan.

Olanzafin shi halinsa buɗe ciki ne, mutum ya yi ta ci yana ƙiba, har ta kai wasu ga ciwon suga, don haka a riƙa awon nauyi da na suga, a rage lemon kwalba da shayi mai zaƙi. Sannan kada a ɗebi ragowar ƙwayar wani a ba tsohuwar da ta rikice tana yawon dare don ta yi barci. Ga tsofaffi masu ciwon mantuwa waɗannan magunguna suna ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da mutuwa.

Duk da wannan jerin, haɗarin da ya fi yawan aukuwa shi ne barin maganin. Da mutum ya samu sauƙi sai dangi su ce ai ya warke, ƙwayar ta isa haka. A 2012 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 65 a kan mutum kusan 6,500. Cikin shekara guda, ciwon ya dawo wa 27 cikin 100 na waɗanda suka ci gaba da magani, amma ya dawo wa 64 cikin 100 na waɗanda aka mayar kan ƙwayar da babu magani a cikinta. Abin da ke ruɗin mutane shi ne ba washegari yake dawowa ba, sai bayan makonni ko watanni, lokacin an manta an daina, sai a ce sabon jifa aka yi. Bayan tashin farko likitoci kan ce a ci gaba aƙalla shekara 1 zuwa 2, wasu kuma abin ya zame musu kamar maganin hawan jini. In lokacin dainawa ya yi, a hankali likita ke janye shi.

Na san ba kullum ganganci ne ke sa a bari ba. Da damina kuɗin gida kan tafi ga taki da 'yan ƙwadago, ga kuɗin mota zuwa Kano na mutum biyu. Ki yi wa maigida maganar tun da kaka, a ware wani abu daga amfanin gona da sunan maganin, ba a fafe gora ranar tafiya. Ba kuma abin kunya ba ne a ce wa likita wannan ya fi ƙarfinmu, a rubuta mai araha. Wanda ke mantuwa ko yake ƙin haɗiya, akwai allura irin su Modecate da ake yi duk bayan mako 2 zuwa 4. Ta fi a riƙa niƙa masa ƙwaya a kunu a ɓoye, domin mutumin da ciwonsa ke gaya masa ana sa masa guba, ranar da ya kama ki kin tabbatar masa da zarginsa, daga nan ko ruwa ba zai karɓa a hannunki ba.

Game da ibada, wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami har ya dawo. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun ce ba zai rama sallolin da lokacinsu ya fita yana cikin wannan hali ba, amma zai rama azumi idan ya samu lafiya. Wanda ya samu sauƙi kuma yana son yin azumi, a je wa likita tun cikin Sha'aban, domin da yawa ana iya mayar da shan su dare. Azumin 2024 da na 2025 sun ratsa watan Maris, wanda ya yi su ya san ƙishin da aka sha, balle mai maganin da ke busar da baki. In likita ya ce kada ya yi, Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame. Allurar da ake yi a tsoka ba ta karya azumi a wurin mafi yawan malaman wannan zamani. Rashin barci kuwa yana tayar da ciwon, don haka ba shi za a tasa gaba zuwa tahajjudi har asuba ba. In nauyin barci na hana shi sallar asuba, kada a kira shi malalaci, a tambaya ko za a matso da ƙwayar dare kusa da isha'i.

Mari da turu ba magani ba ne. Duk mun ji yadda a watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙin mai wannan lalura na samun magani da kare mutuncinsa. Tun a 1954 likitan ƙwaƙwalwa Thomas Adeoye Lambo ya gwada wata hanya a Aro kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke zaune a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowane tare da wani nasa mai kula da shi, suna zuwa karɓar magani da rana. Tsarin ya yi suna a duniya, Lambo har ya kai ga zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Wannan ɗan uwa mai rakiya da tsarin ya dogara a kansa, aikinsa ne kike yi a ɗakinki.

Ki sami ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta ki ajiye tare da katin asibiti. Ki rubuta, da boko ko da ajami, ranar da aka fara kowane magani, awa nawa yake barci, yadda yake cin abinci, ranar da al'ada ta zo in mace ce, da duk wani sabon motsi da kika gani a jikinsa. In ba kya rubutu, 'yarki ta Islamiyya ta rubuta miki. Ranar komawa asibiti ki nemi izinin maigida ki bi su, ko ki ba da littafin da kwalayen maganin duka, har da na kemis da na gargajiya, a nuna wa likita.

Wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba farfaɗiya a jikin yara da yadda ake ba su maganinta.